Ra'ayinmu: Kumburin dasashi a ƙasar Ruma, a riƙa duba bakin yaro

A ƙasar Ruma, kamar sauran ƙasar Hausa, ba kasafai ake lissafa jinin dasashi cikin cututtuka ba. Magidanci zai yi aswaki da asuba ya tofar da yawu da jirwayen jini, ya ce icen ne ya yi tauri. Uwa za ta ga dasashin ɗanta ya yi ja ya tasa, bakinsa yana wari, ta ce haƙori yake yi, ko kuma zafin zazzaɓi ne ya fito masa ta baki. Kowa ya ci gaba da sha'aninsa. A yankin da ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindigar dajin Rugu, ga tsadar abinci, ga gonaki da dama da suka kwana ba shuka, wanda ya tayar da zancen dasashi ana iya yi masa kallon marar abin faɗa. Duk da haka mun ga dacewar tayar da shi, domin jinin da ke fita a bakin babba mai ƙoshin lafiya da wanda ke fita a bakin ƙaramin yaro mai tamowa ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma rashin bambance su yana cin rayuka.

Asalin matsalar sananne ne ga likitoci. Kullum wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, tana taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Idan aka goge ta, shi ke nan sai wata ta sake taruwa. Idan aka bar ta, jiki yakan tashi yaƙi da ita, sai dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da an ɗan taɓa shi. A 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Denmak, inda ya sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina gogewa gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya washe. Darasin da ke cikin wannan ya saɓa wa abin da akasarinmu ke yi: mai ganin jini yakan ƙaurace wa wurin don kada ya fama shi, alhali wurin da ke jinin shi ne ya fi bukatar a goge shi, a hankali, kullum.

Idan dauɗar ta daɗe sai ta daskare ta yi tauri, ta manne a jikin haƙori, daga nan kuma babu aswaki ko buroshin da zai ɓamɓare ta sai ma'aikacin lafiyar haƙori ya kankare da kayan aikinsa. A wasu mutanen kumburin yakan gangara ƙasa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Dasashi ya janye, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, ya fara girgiɗi, wata rana ya fita ba tare da ya taɓa ruɓewa ba. Dattawa da yawa da ake ce wa tsufa ne ya zubar musu da haƙora, wannan ciwon ne ya zubar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa wannan mataki mai tsanani yana damun kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato fiye da mutum biliyan ɗaya. Ciwon suga yana ƙara masa ƙarfi, shi ma yana wahalar da daidaita sugan. Shan taba yana ɓoye jinin yana ci gaba da ɓarna a ƙasa. Mai juna biyu dasashinta yakan fi saurin kumbura. Wasu magungunan farfaɗiya da na hawan jini suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori, kuma maganin wannan shi ne a koma wa likitan da ya rubuta, ba a yanke shan magani da ka ba.

A kan abin da ya kamata a yi, ra'ayi ya kasu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Ɓangare na farko suna cewa wannan lamari ne na cikin gida, kuma a gida ake gama shi. Bahaushe bai jira kamfanin man goge baki ba kafin ya san tsaftar haƙori. Musulunci ya kwaɗaitar da yin aswaki, musamman lokacin alwala da salla, kuma wanda ya riƙe wannan sunna da gaske yana goge bakinsa sau da yawa fiye da mai buroshi da ke yi sau ɗaya da safe yana sauri. Binciken likitocin haƙori ma ya nuna cewa aswaki, idan an iya amfani da shi, yana cire dauɗar nan kusan yadda buroshi ke cirewa. Icen darbejiya yana ko'ina daga Batsari zuwa Runka, ba a saye. Gishiri kaɗan a ruwan ɗumi a kuskure baki yana rage kumburi, kanumfari yana kwantar da zugi na ɗan lokaci. Suka ce to me zai sa talakan da ke Wagini ko Babban Duhu ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, a kan hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba, don kawai dasashinsa yana jini? Sannan a wajen gwamnati, kuɗin da ake da shi bai kai yawan bukatu ba. Inda mata ke mutuwa wajen haihuwa, zazzaɓin cizon sauro ke kwasar yara duk damina, kujerar likitan haƙori ba ita ce a sahun gaba ba.

Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu yarda da masu yi mata kallon jahilci ba. Tallan da ke nuna aswaki a matsayin alamar ƙauyanci ya yi wa jama'a illa, domin ya raba wasu da abin da suka iya, bai kuma ba su kuɗin sayen madadinsa a kai a kai ba. Man goge baki mai sinadarin fuloraid yana da fa'idarsa wajen hana ruɓewar haƙori, wannan gaskiya ne. Amma a sha'anin dasashi, gogewar ce magani, ba kumfar ba.

Ɓangare na biyu, wanda akasari ma'aikatan lafiya ne, suna cewa abin da ake kira maganin gida ba aswaki da gishiri kaɗai ba ne. Akwai masu dirzar dasashi da gawayi ko toka har su kwaile shi. Akwai masu danna kanwa ko ƙwayar asfirin a wurin da ke ciwo, ta ƙone naman. Akwai masu kai wa ga ɗiga fetur ko ruwan batir a haƙori. Wani a kai shi wurin wanzami a tsaga kumburin da askar da aka yi wa wani aiki da ita. Wani ya tsaya a kemis a ƙirgo masa ƙwayoyin kashe cuta guda huɗu, daidai kuɗin aljihunsa, ya sha kwana biyu ya bari, ciwon ya lafa ya dawo, ƙwayar cutar kuma ta koyi jure wa magani. Ko aswakin ma, yadda da yawa ke yinsa, haƙoran gaba kaɗai ke amfana. Turamen can ciki da bayan haƙora, inda dauɗa ta fi taruwa, ba ya isa gare su. Wasu kuma sukan wuni da shi a baki suna dirza da ƙarfi har dasashin ya janye.

Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa ita ce cutar noma, wadda a karkara wasu ke kira ciwon daji, wasu ciwon iska. Da kumburin dasashi take farawa. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda tamowa ta raunana, sau da yawa bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, sai dasashinsa ya fara jini, ya yi gyambo, baki ya riƙa wari mai tsanani, yawu na dalala, ya ƙi cin abinci. Kwanaki kaɗan kumatu ya kumbura. Daga nan fatar wurin ta yi duhu, naman ya mutu ya zube, a bar rami a fuska, wani lokaci har leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙi su tafi. Tsakanin gyambon dasashi da ramin fuska yana iya zama mako biyu kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran da ta kama suna mutuwa, kuma ƙiyasinta na 1998 ya nuna ana samun sababbin masu kamuwa 140,000 a shekara. Waɗanda suka rayu da yawansu muƙamuƙi yakan ƙage, ci da magana su zama wahala, a ɓoye su a ɗaka saboda idon jama'a. Alhali a matakin farko, tun ciwon yana dasashi, abin da ake bukata bai wuce maganin kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai rubuta, wanke baki da abinci mai gina jiki ba.

Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da cutar ta fi yawa a duniya. Saboda haka ne aka kafa asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma a Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana irin wannan aiki. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a ranar 15 ga Disamba, 2023. Abin yabo ne. Sai dai jerin da aka rubuta a Janeba ba ya duba bakin yaro a Safana.

Duk abubuwan da ke share wa cutar hanya sun haɗu a yammacin Katsina. Rikici ya raba iyalai da gonakinsu da dabbobinsu, ya tara su a garuruwa a cunkushe, ya kori ma'aikatan lafiya daga wasu ƙananan asibitoci, ya sa yara da dama suka tsallake allurar ƙyanda. A watan Yulin 2025 MSF ta bayyana cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar. Waɗannan su ne waɗanda suka iya isa asibiti. Inda tamowa ta kai haka, babu mai hankalin da zai ɗauki jinin dasashin yaro a matsayin ƙaramin abu. Don haka ɓangare na biyu suke cewa a daina yaudarar kai da ruwan gishiri, a kawo likitocin haƙori da kayan aiki kusa da jama'a.

Da muka auna maganganun biyu, mun ga kowannensu ya faɗi gaskiya a kan mutum daban. Masu cewa gida ya wadatar suna maganar babba ne mai ƙarfin jiki wanda dasashinsa ke jini saboda dauɗa, kuma a kansa sun yi daidai. Ya goge sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da buroshi mai laushi ko aswakin da aka tauna bakinsa ya yi laushi, ya bi gindin haƙora ciki da waje, har turame. Ya riƙa yanke bakin aswakin yana sabunta shi, kada ya ajiye shi a aljihu tare da kuɗi da goro. Ya kuskure da ruwan gishiri mai ɗumi. Ya samu abin da ke ƙarfafa dasashi daga abincin da ke kusa da shi, gwaiba, lemo, mangwaro, garin ɗan kuka, zogale, tumatir, domin ƙarancin bitamin C shi kaɗai yana sa dasashi jini. Idan ya yi haka mako biyu jinin bai tsaya ba, ko haƙori ya fara girgiɗi, ko mugunya na fita, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, to lamarin ya wuce gida. Haka nan jinin da ke zuba shi kaɗai ba tare da an taɓa ba, musamman idan akwai kasala da ɗashewa, yana iya zama alamar ciwon da ke cikin jini, ba na baki ba.

Kuskuren ɓangaren farko shi ne shimfiɗa wannan hukunci a kan yaro. Yaron da ya rame, ya tashi daga ƙyanda, bakinsa ke wari, dasashinsa ya yi gyambo, ba a ba shi mako biyu. Ko kwana biyu ba a ba shi. A ranar ake kai shi asibiti mafi kusa. Kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, sunnar aswakin da muke alfahari da ita ta manya ce a aikace. Ɗan shekara uku ba ya alwala, ba ya riƙe aswaki, kuma a gidaje da yawa babu mai goge masa baki. Ana wanke masa fuska, a shafa masa mai, a sa masa kwalli, cikin bakin kuwa ba a leƙawa sai ya fara kuka. Tsumma mai tsafta da aka jiƙa da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, a naɗe a yatsa a share masa dasashi safe da dare, ba ya cin ko kwabo.

Ɓangare na biyu su ma suna da nasu rauni. Likitocin haƙori ƙalilan ne a Najeriya, akasarinsu suna manyan birane, wasu kuma suna ficewa ƙasashen waje. Jami'ar Bayero ta Kano tana yaye su, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana da sashen haƙori, amma duk wanda ya ce a jira sai kowace gunduma ta samu likitan haƙori kafin a yi wani abu, ya yanke wa yaran bana hukuncin jira har abada. Zuwan tawagar duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya, a cire haƙora a ɗauki hoto a tafi, yana rage wa wasu raɗaɗi, amma cutar da ke cin fuska cikin mako biyu ba ta jiran ranar tawaga. Gano gyambon dasashi kuwa ba ya bukatar kujera mai lantarki. Yana bukatar ma'aikacin da aka koya wa abin da zai nema, da tocila, da ɗan abin danna harshe, da minti guda.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, kula da dasashin babba haƙƙinsa ne a gidansa, kula da dasashin yaro kuwa haƙƙi ne da ya rataya a wuyan iyaye da hukuma tare, kuma ya kamata a ɗauke shi da gaggawa irin wadda ake ɗaukar gudawa da zazzaɓi mai zafi. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki alkawarin samar da ingantacciyar cibiyar lafiya a matakin farko a kowace gunduma daga cikin gundumomi 361 na jihar. Muna kira da a sa duba baki cikin aikin yau da kullum na waɗannan cibiyoyi, a fara da Batsari da Safana da maƙwabtansu na bakin daji. Duk yaron da aka kawo rigakafi, ko aka auna masa damtse don gwajin tamowa, ko aka kawo shi da ƙyanda, a buɗe bakinsa a duba. Duk mai ciki da ta zo awo, da mai ciwon suga da ya zo karɓar magani, a tambaye su ko dasashinsu na jini. Makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura, waɗanda ke yaye ma'aikatan da ke zama a karkara, su tabbatar ɗalibi bai fita ba sai ya iya bambance kumburin dauɗa da farkon noma. Babban asibitin Batsari ya zama yana da mai kankare haƙori da kayan aikinsa a tsaye, don kada wankin baki ya zama tafiyar Katsina. A kuma fayyace hanyar tura yaron da ciwonsa ya yi nisa zuwa Katsina ko Sakkwato, har da kuɗin mota, domin rashin kuɗin motar ne ke mayar da iyaye da yawa gida.

Wanzamai, masu maganin gargajiya, ungozomomi da masu kemis su ne farkon waɗanda uwa ke kai wa kuka, kuma za su ci gaba da zama haka ko an so ko an ƙi. Yaƙi da su ɓata lokaci ne. A tara su ta hannun Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatansu, a nuna musu hotunan matakan cutar, a ɗaure su da alkawari ɗaya: yaron da bakinsa ke wari da gyambo, ko kumatunsa ya tasa, ba a tsaga shi, ba a turara shi a jira, ba a ƙirga masa ƙwaya, asibiti ake tura shi nan take. Wanda ke ganin iska ce, babu mai hana shi addu'a, amma ya yi ta a kan hanyar asibiti. Limamai kuma, da suke karantar da falalar aswaki, su ƙara da cewa bakin yaron da bai kai riƙe aswaki ba amana ce a hannun iyayensa. Najeriya ta keɓe 20 ga Nuwamba a matsayin ranar tunawa da cutar noma. Hudubar Juma'ar da ta fi kusa da ranar, a masallatan Batsari da Ruma da Safana da Runka, za ta isa inda taron otal a Abuja ba zai taɓa isa ba.

Ba mu ce wannan zai maye gurbin abinci da tsaro ba. Muddin manomin Ruma bai koma gonarsa ya cika rumbunsa ba, tamowa za ta ci gaba da kawo yara bakin wannan rami. A 2025 al'ummomin Batsari da Safana suna cikin waɗanda suka shiga sulhu da masu ɗauke da makamai, kuma duk wata sararawa da aka samu, ta kwana nawa ce, ya kamata a yi amfani da ita wajen mayar da ma'aikatan lafiya ƙauyuka da cike giɓin allurar ƙyanda. Kafin hakan ta tabbata, muna kira ga kowane uba da kowace uwa su ware rana ɗaya a mako su buɗe bakin 'ya'yansu ƙanana a cikin haske su duba. Idan dasashi ya yi ja yana jini, a ƙara tsafta a sa ido. Idan akwai gyambo da wari, ko kumatu ya kumbura, kada rana ta faɗi yaron yana gida.